INJI YA MUTU A TSAKIYAR TAFKI: LAIFIN FAMFON MAI NE KO NA WANI?

Duk wanda ya taɓa zama cikin kwale-kwale a tsakiyar Tafkin Nokue, inji ya yi tari sau biyu sa'an nan ya yi tsit, ya san irin shirun da muke nufi. Hira takan yanke, mata su rungume 'ya'yansu, kowa ya juya ya zuba wa direba ido, shi kuwa yana ta fizgar igiya gumi na tsiyaya. Haka ta faru gare mu cikin watan Oktoban da ya wuce, sa'ad da muka raka wani ɗan'uwa, ɗan kasuwar albasa daga Zongo, wanda zai kai buhuna ƙauyen Ganvie. Mun taso daga tashar jiragen Abomey-Calavi da hantsi, tafiyar da ba ta wuce kamar kilomita 8 ba, amma ba mu isa ba sai da aka yi sallar azahar.

Abin da ya kai mu gaci shi ne, direban ya sa yaronsa ya tsuguna kusa da tanki yana ta matsa 'yar ƙwallon robar nan da ke jikin tiyon mai. In ya matsa sai inji ya farfaɗo, in hannunsa ya gaji ya saki sai inji ya fara shaƙewa. Da muka tambayi direban, sai ya ce ai famfon mai ne ya gaji, kuma ya daɗe yana lallaɓa shi a haka domin kuɗin gyara bai samu ba. Ɗan'uwanmu mai albasa, wanda dukiyarsa da ransa ke cikin jirgin, ya ce a ɗauko injin a kawo Kwatano shi zai biya, a cire daga kuɗin dakon gaba. Washegari aka ɗora injin bisa zem aka kawo shi Vêdoko, wurin wani dattijon makanike da ya tsufa cikin gyaran injunan jirage da na janareto. Muka bi shi, muka yi yini biyu a rumfar. Abin da muka gani shi ne muke so mu kawo wa masu karatu a wannan wata.

ME YA HAƊA MU DA JIRGIN RUWA?

Wani zai ce mu mutanen tudu ne, ina ruwanmu da injin kwale-kwale? To amma in aka duba za a ga ruwan namu ne. Garin Kwatano yana zaune ne tsakanin teku da tafki, kuma ƙauyukan da ke kan ruwa, irin su Ganvie da sauran na ƙaramar hukumar Sô-Ava, ba su da wata hanyar samun albasa, wake, goro, atamfa ko ragon layya sai ta jirgi. Da yawa daga cikin wannan kaya ta hannun 'yan'uwanmu yake bi. Haka kuma ruwan ya miƙa gabas har Porto-Novo, daga can ya zarce Badagry a Najeriya.

Bugu da ƙari, a shekarar 2023, bayan juyin mulkin ranar 26 ga Yuli a Nijar, an rufe gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya, sai matafiya suka koma tsallake kogin Kwara cikin jirage. Mutum ya yi tafiyar fiye da kilomita 700 daga Kwatano a mota lami lafiya, ƙarshenta ransa ya koma hannun wani tsohon inji. Ba gida nawa ba ne a Zongo da Vêdoko da wani nasu bai yi wannan ƙetare ba. Tafkin Nokue ba shi da zurfi sosai, in inji ya mutu ana iya tura jirgi da gwangwala ko filafili, ko da yake iskar yamma takan jefa jirgi mai lodi cikin turakun akadja da masunta suke kafawa. Kogin Kwara kuwa lokacin cikarsa ba ya jiran a gama fizgar igiya.

TSOFAFFIN INJUNA

Galibin injunan da ake ɗaura wa jirage a nan irin masu bugu biyu ne, wato waɗanda ake haɗa musu fetur da baƙin mai wuri ɗaya, kamar baburan Mate da 'yan zem suka yi yayi a da. An fi ganin Yamaha Enduro mai doki 15 da mai doki 40, sai Suzuki da Tohatsu, da kuma tsofaffin Johnson da Evinrude jefi-jefi. Evinrude an daina ƙera shi tun 2020, saboda haka kayan gyaransa sai an sha nema. Ƙasashen Turai da Amurka sun tsaurara dokar hayaƙi har irin waɗannan injuna masu kafireta suka ɓace daga shagunansu, amma ana ci gaba da ƙera wasunsu domin Afirka da Asiya, tsofaffin kuma suna shigowa ta tashar jiragen ruwan Kwatano cikin kayan da ake kira "venu de France".

Dattijon ya tuna mana cewa tun watan Janairun 1994, da aka karya darajar sefa da rabi, kuɗin kayan waje ya ninka, masu jirage suka koyi riƙon inji har ya tsufa a hannunsu. Inji ɗaya yakan ci da gida guda, ya biya kuɗin makaranta, ya aurar da 'ya'ya. In ya kwanta mako guda, tukunya ma takan kwanta.

YADDA FAMFON YAKE AIKI

Tankin jirgi a ƙasa yake zama, inji kuwa yana bisa, saboda haka mai ba zai hau da kansa ba sai an jawo shi. Wannan shi ne aikin famfo. Ɗan ƙaramin abu ne da bai cika tafin hannu ba, an ɗaure shi da noti biyu a gefen inji. A wasu ƙananan injuna kuma a jikin kafireta yake manne. Ba ya amfani da lantarki, ba shi da bel. Abin da ke cikinsa 'yar fatar roba ce mai laushi, shimfiɗe kamar fatar kalangu, wadda makanikai ke kira membrane, da ƙananan bawul guda biyu, ɗaya na barin mai ya shigo, ɗaya na barin sa ya fita, kowanne ba ya barin a koma baya.

A bayan famfon akwai wani ɗan rami da ya yi daidai da wani ramin a jikin inji, wanda ya zarce cikin ɗakin da ke ƙarƙashin fistan. Duk lokacin da fistan ya hau sai iskar ɗakin ta zuƙo fatar, mai ya shigo daga tanki. In ya sauko sai iskar ta tura fatar, mai ya wuce kafireta. Wato numfashin injin ne da kansa yake kaɗa famfon, sau dubbai cikin minti ɗaya. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci rabin gyaran, domin daga nan ne za a gane cewa famfo lafiyayye ma zai iya kasa aiki, idan tiyon da yake zuƙa ta cikinsa yana shan iska, ko an toshe masa hanya, ko numfashin injin ya raunana.

A BI HANYAR MAI DAGA TANKI

Mun zaci dattijon zai ɗauki sifana ya kwance famfo nan take, tunda direba ya riga ya faɗi cutar. Bai yi haka ba. Maimakon haka sai ya nuna mana wani inji mai doki 15 da ke jingine a kusurwa, ya ce mai shi ya sayi sabon famfo sau biyu bisa shawarar abokai, cutar ba ta tafi ba, ashe 'yar robar da ke cikin mahaɗin tiyo ce ta tsage tana shan iska, abin da kuɗinsa bai kai na kwanon shinkafa ba. Ya ce ƙa'idarsa ita ce ya bi mai tun daga inda yake kwana har inda yake ƙonewa, bai tsallake ko ɗaya ba. Ga yadda ya bi da namu.

Da farko tanki. A murfin tankin inji akwai ɗan sukuru na iska. In an manta ba a sassauta shi ba, ko tsatsa ta toshe shi, inji zai yi minti kaɗan ya mutu, domin mai ba ya fita daga inda iska ba ta shiga. In an buɗe murfi aka ji tanki ya ja numfashi, to an kama ɓarawo. Da yawa daga masu jirage ma ba su da tankin asali, jarka ce suke zura wa tiyo su toshe bakinta da tsumma. A irin wannan, bakin tiyon yakan ɗago sama da mai in jirgi ya karkata, ko ya kwanta a gindin jarka yana shan laka.

Na biyu, ƙwallon robar, wadda ake kira poire. A jikinta akwai kibiya, kuma dole kibiyar ta dubi inji. Ana ɗaga ta tsaye, kibiya sama, a matsa har ta yi tauri. In an yi ta matsawa ba ta yi tauri ba, ko dai bawul ɗinta sun mutu, ko akwai yoyo a gaba, ko allurar kafireta ba ta rufewa, wanda za a gane da ganin mai yana ɗiga daga bakin kafireta. In kuwa inji yana tafiya sai aka ga ƙwallon ta lotse ta manne, to toshiyar tana baya, tsakaninta da tanki, famfo kuwa yana aikinsa har ya wuce kima.

Na uku, tiyo da mahaɗinsa. Ranar Kwatano da ruwan gishiri suna busar da roba ta tsattsage. Wahalar ita ce tsagar da ke ɓangaren zuƙa ba ta ɗigar da mai balle a gani, iska take sha. Dabarar dattijon ita ce ya sa guntun tiyo fari mai nuna ciki daf da famfo, ya ta da inji, ya zuba ido. In kumfa na wucewa jere kamar carbi, iska na shiga daga wani wuri. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na huɗu, matacin mai, wato 'yar kofin da ke ƙarƙashin murfin inji. Da ya kwance ta namu sai ga ruwa kwance a gindinta da ɗan yashi. Ya wanke ragar, ya duba zoben robar bakinta, ya mayar. Ya ce ko da famfon ne ya mutu, ga abin da ya taimaka wajen kashe shi.

Sai da waɗannan huɗu suka fita daga zargi sa'an nan ya juya ga famfo. Nan ne ya gyara mana kuskuren da mu da direba muka yi tarayya a kai. Farfaɗowar inji idan an matsa ƙwallo ba hujja ba ce cewa famfo ya mutu. Abin da take nunawa kawai shi ne mai ba ya isa kafireta da kansa, kuma tiyo mai shan iska ma haka yake yi. In kuwa an matsa ƙwallo inji bai canza ba, amma da an ja cok sai ya ɗan murmure, to a bar famfo ya huta, a wanke ƙananan ramukan kafireta. In ko ɗaya bai taimaka ba, a duba wuta da buji, wanda mutanen Najeriya ke kira fulogi.

FAMFON DA YA MUTU DA GASKE

Famfo iri biyu yake mutuwa. Na farko, fatar ta tsufa ta sandare, ko bawul su lanƙwashe, ko datti ya tokare su. A nan inji zai tashi, ya yi silo lafiya, amma da an murɗa totur jirgi ya ɗauki lodi sai ya shaƙe, domin man da ke zuwa bai kai wanda ake ƙonawa ba. Na biyu, fatar ta huje. A nan kuma mai yakan zurara ta ramin baya ya faɗa cikin inji kai tsaye ba ta kafireta ba. Alamarsa hayaƙi mai yawa, inji na gurgunta a silo, mai na ƙarewa da wuri, maiƙo na bin bayan jirgi a kan ruwa, buji ɗaya kuma, na silindar da famfon ke jikinta, kullum a jiƙe kuma baƙi ƙirin. Mai jirgi ya yi ta sauya buji yana zagin masu sayarwa, alhali laifin ba nasu ba ne.

Gwaji uku ya yi a gabanmu, bayan ya zare igiyar kashe inji domin kada wuta ta tashi. Ya cire tiyon da ke fita daga famfo ya sa bakinsa cikin kwalba, yaronsa ya ja igiya. Famfo mai lafiya zai tofo mai da ƙarfi, bugu bayan bugu. Namu ɗigo-ɗigo ya yi. Sa'an nan ya kwance notin biyu ya janye famfon daga jikin inji ba tare da cire tiyo ba, ya matsa ƙwallo har ta yi tauri, ya dubi ramin baya. In mai ya fito ta nan, fata ta huje. Namu ya ɗan jiƙe. Na ƙarshe, ya ɗora yatsa kan ramin da ke jikin inji, aka sake jan igiya, domin ya ji ko inji na turowa yana zuƙa. Ya ce in bai ji wannan numfashi da ƙarfi ba, ba zai bari a sayi famfo ba, domin cutar tana ciki, wajen zobban fistan ko robobin da ke rufe ɗakin, kuma sabon famfo ba zai yi komai ba.

Da aka buɗe famfon sai ga fatar ta yi tauri kamar busasshen ganda, da 'yar tsaga a gefe. Direba ya yi gaskiya, amma dace ya yi.

HAƊARIN LALLAƁAWA

Akwai inji na uku a rumfar, mai doki 40, an farke shi an baje kayan cikinsa kan buhu. Dattijon ya miƙo mana fistan ɗinsa, gefe ɗaya duk ya kakkarce kamar an goga shi a dutse. Ya ce wannan ma da matsa ƙwallo aka yi ta lallaɓa shi. Dalili kuwa a fili yake. A inji mai bugu biyu, baƙin man da ke sa fistan santsi cikin fetur yake tafiya. In fetur ya ragu, baƙin mai ya ragu, zafi kuma ya ƙaru. Duk lokacin da inji ya shaƙe yana cikin gudu, ƙarfe ne ke gogar ƙarfe a bushe. Wata rana sai fistan ya cije, a nan kuwa ba maganar fatar roba ake yi ba, sai sabon fistan da zobba da gyaran silinda, wani lokaci ma injin ya tashi daga aiki ke nan. Direbanmu ya daɗe yana kallon fistan ɗin bai ce uffan ba.

YADDA AKE SAUYAWA

Ana iya sayen famfo sukutum, ana kuma iya sayen kayan cikinsa kawai, wato fata da gaskit da bawul. In jikin famfon bai tsage ba, bai kuma lanƙwashe ba, kayan ciki sun isa. Kafin a tafi kasuwa a kwafi lambar inji daga 'yar farantin da ke jikin maƙalar da ake ɗaure shi da ita a jirgi, a kuma tafi da tsohon a hannu, domin famfuna suna kama da juna amma ramukansu sun bambanta. Jabu ya yi yawa. Fata ta ƙwarai tana da laushi kuma ramukanta a yanke suke tsaf. Ta jabu takan kumbura ko ta sandare bayan 'yan makonni cikin fetur. Araha ba ta ado.

A yi aikin a sarari inda iska ke kaɗawa, nesa da murhu da mai shan taba. A cire tiyo daga tanki tukuna. Notin tsohon inji sukan cije, domin tun 1885 da aka haƙa mashigar da ta haɗa tafkin da teku, ruwan gishiri yake shigowa da rani, gishiri kuwa yakan haɗe ƙarfen noti da jikin inji. Kada a yi musu ƙarfi. A zuba man sassauta tsatsa, a ɗan ƙwanƙwasa, a jira. Notin da ya karye a cikin inji ya fi mutuwar famfo tsada.

Famfo hawa-hawa yake kamar littafi: murfi, gaskit, fata, jiki, wata fatar, wani gaskit. A jera su kan tsumma mai tsabta bi da bi yadda aka cire su, mai waya kuma ya ɗauki hoto a kowane mataki, musamman wurin zaman ƙananan sifirin, domin in ɗaya ya yi tsalle ya faɗa yashi sai wani ikon Allah. A wanke jikin da fetur mai tsabta. A hura ta bakin shiga, iska ta wuce, a hura ta bakin fita, ta ƙi wucewa, haka bawul masu lafiya suke. A hura kawai, kada a tsotsa. A mayar da komai yadda yake, a ɗaure sukurori kaɗan-kaɗan ana tsallakawa daga wannan kusurwa zuwa waccan domin fatar ta kwanta daidai. A kankare tsohon gaskit daga jikin inji a sa sabo, ramin ya dubi rami. Kada a shafa gam, domin yakan narke cikin fetur ya toshe ramin numfashi ko ya tafi kafireta. A lura da bakin shiga da bakin fita, galibi akwai kibiya ko rubutu, a kuma ɗaure bakin kowane tiyo da maɗauri na ƙwarai, ba da waya ko tsumma ba.

In an gama a matsa ƙwallo ta yi tauri, a bi ko'ina da yatsa a ji ko akwai danshi. Sa'an nan a ta da inji cikin duro mai ruwa, kada a kuskura a ta da shi a bushe ko na ɗan lokaci, domin robar famfon ruwa takan ƙone nan da nan. A tabbata ruwan sanyaya inji yana tsartuwa ta baya. Amma dattijon ya ja kunnen direba cewa duro ba ya ba da shaida, tunda famfo mai rauni ma yakan yi kyau a silo. Shaida tana kan tafki, da lodi, totur a buɗe, hannu kuma nesa da ƙwallo.

MAGANAR KPAYO

Ba za mu rufe ba sai mun taɓo mai kansa. Kowa ya san yawancin jiragen nan da kpayo suke tafiya, wato fetur ɗin da ake shigowa da shi daga Najeriya a sayar cikin kwalabe a bakin titi. Ba muna cewa duk kpayo gurɓatacce ba ne. Amma man da ya bi jarka bayan jarka, ya ƙetare ruwa, ya kwana a sarari cikin damina, ya yini a rana, da wuya ya rasa ruwa ko ƙura. Wani lokaci ma ɓarnar daga tushe take, kamar yadda ya faru a watan Fabrairun 2022 da hukumomin Najeriya suka tabbatar an shigo musu da fetur mai sinadarin methanol fiye da kima, sinadarin da ke cin roba. Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin kpayo ya yi tsalle, saboda haka fatar da ta huje tana zubar da mai cikin tafki kuɗi take zubarwa.

Maganin ba shi da wuya. A zuba ɗan mai cikin farar kwalba a bar shi ya natsu, in akwai ruwa zai kwanta a ƙasa a gan shi. A tace mai da mazurari da ƙyalle mai tsabta kafin ya shiga tanki. Lokaci-lokaci a juye tanki a wanke gindinsa. Kada tsadar mai ta sa a rage baƙin mai. Yawancin injunan nan kashi 1 cikin 50 ake haɗa musu, wato rabin lita na baƙin mai ga lita 25 ta fetur, kuma a nemi irin na injin jirgi, wanda aka rubuta TC-W3 a jikin galan ɗinsa, ba wanda aka juye daga mota ba. Game da ajiyar mai a gida ko a rumfa kuwa, gobarar da ta tashi a wani rumbun kpayo a Sèmè-Kraké ranar 23 ga Satumban 2023, wadda ta ci rayuka fiye da 30, ta ishe mu wa'azi.

KIRA GA JAMA'A

Ga masu jirage, muna roƙo kowa ya ajiye kayan cikin famfo ɗaya, da buji biyu, da guntun tiyo, da sifana da sukudireba cikin gwangwani mai murfi a jirginsa, filafili da gwangwala kuma kada su sauka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga 'yan kasuwarmu masu ɗaukar shatar jirgi, abin da ɗan'uwanmu mai albasa ya yi abin koyi ne, domin ba da kuɗin gyara a cire daga dako ya fi a yi asarar lodi guda. Ga fasinja kuwa, in ka ga tun daga tasha an tsugunar da yaro yana matsa ƙwallo, kana da ikon ka ce a sauke ka, kuma ba rashin tawakkali ba ne. In akwai rigar kariya daga nutsewa a karɓa a sa, a fara da yara.

Muna kuma jan hankalin iyaye. Dattijon ya koka cewa yaran da ake kawo masa koyo sun fi son babur da waya, alhali jirage na ƙaruwa, masu sanin cikin tsofaffin injuna kuwa suna tsufa. Sana'a ce mai rufin asiri, kayan fara ta ba su cika jaka ba.

Bayan mako guda muka sake bin jirgin nan daga Abomey-Calavi, da buhunan albasa kamar wancan karo. Ciyawar nan mai kama da kainuwa, wadda mutanen nan ke kira togble, ta naɗe farfela sau ɗaya, direba ya tsaya ya ɗaga inji ya warware ta. Ban da wannan ba mu tsaya ba har Ganvie. Yaron da ya yini yana matsa ƙwallo a wancan karo yana zaune a goshin jirgi yana cin rake.

Allah ya kiyaye matafiyanmu na tudu da na ruwa, amin.